Mayotte: Tsibirin Musulmin Afirka da Ya Ƙi Rabuwa da Faransa

A shekarun da aka yi ta sallamar sojojin Faransa daga Bamako da Wagadugu da Yamai, akwai wani lungu na Afirka da mutanensa ke datse hanyoyi suna zanga-zanga don Faransa ta ƙaro musu jandarmomi. Baƙaƙen fata ne, kusan dukkansu Musulmi, kuma yawancinsu ba da Faransanci suka buɗi baki ba. Sunan wurin Mayotte, wani ɗan tsibiri a tekun Indiya, tsakanin Mozambik da Madagaskar, kimanin kilomita 8,000 daga Paris. Wanda ya ji labarin daga nesa zai yi saurin yanke hukunci, ko dai ya ce ragowar mulkin mallaka ce, ko ya ce kwaɗayin Yuro ne ya rufe wa mutanen ido. Kowanne akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma babu wanda ya isa ya bayyana dalilin da ya sa wurin da ya fi ko'ina talauci a Faransa yake zama aljannar duniya a idon maƙwabtansa, har suke sayar da rayukansu a teku don su taka shi.

Ƙasar kanta 'yar mitsitsiya ce, murabba'in kilomita 374. Tsibirai biyu ne ke da jama'a. Babban, Grande-Terre, tsawonsa bai kai kilomita 40 ba, kuma nan babban birnin Mamoudzou yake. Ƙaramin, Petite-Terre, shi ke ɗauke da filin jirgin sama da barikin soja da tsohuwar hedikwata Dzaoudzi. Jirgin fito ne ke haɗa su, yana kai da kawo da ma'aikata da 'yan makaranta da babura tun asuba. Aman wutar duwatsu ne ya haifar da tsibirin tun zamanin da, shi ya sa duk tuddai ne da kwazazzabai, mafi tsayinsu dutsen Bénara mai mita 660. Filin da ya kwanta sosai kaɗan ne, don haka gidajen talakawa a jikin gangare suke maƙale. Katangar murjani ta yi wa tsibirin zobe, ta killace wani tafkin teku mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,000, ɗaya daga cikin mafiya girma a duniya, inda kunkuru da manyan kifaye ke zuwa haihuwa. Ƙasan ma ba ta gama natsuwa ba: daga watan Mayun 2018 aka shiga jerin girgizar ƙasa, sai a 2019 masana suka gano wani sabon dutse mai aman wuta a ƙarƙashin teku, kilomita 50 gabas da tsibirin. Sakamakonsa Mayotte ta ɗan nutse da santimitoci da dama, abin da ya jefa makomar filin jirgin da ke bakin ruwa cikin shakka.

Sai dai adadin da ya fi kowanne muhimmanci a labarin Mayotte shi ne 70. Kilomita 70 ne kacal tsakaninta da Anjouan, ɗaya daga cikin tsibirai uku na ƙasar Komoros. A taswira, tsibiran huɗu ne a jere: Ngazidja da Faransawa ke kira Grande Comore, sai Mohéli, sai Anjouan, sai Mayotte. Addininsu ɗaya, mazhabarsu ta Shafi'iyya ɗaya. Harshen Shimaore na Mayotte ɗan'uwan Sawahili ne, kuma kusancinsa da harshen Anjouan ya kai ba a neman tafinta. Akwai kuma ƙauyuka masu magana da Kibushi, wanda asalinsa na Madagaskar ne. Auratayya tsakanin tsibiran ta ɗaruruwan shekaru ce. Masallacin Tsingoni, wanda rubutun jikin mihrabinsa ya nuna shekarar 1538, shi ake kira masallaci mafi tsufa da har yanzu ake salla a cikinsa a duk ƙasar Faransa. A al'adarsu gida na mace ne: iyaye ke gina wa 'yarsu, miji ya tare a wurinta, in aure ya mutu shi ke tattara kayansa. A riƙe wannan, domin zai bayyana wani abu a siyasarsu.

Yadda Faransa ta shigo ma daban ne da na sauran tsibiran. A 1841 sarkin da ke riƙe da Mayotte, Andriantsoly, wanda shi kansa basarake ne da ya gudo daga Madagaskar, ya ga maƙwabta sun tasa shi gaba da yaƙi, sai ya miƙa tsibirin ga Faransa a kan za a riƙa biyan sa kuɗi duk shekara. Sauran ukun sai a 1886 suka shiga ƙarƙashin kariyar Faransa. Turawa sun gwada noman rake a Mayotte, suka kwaso 'yan ƙwadago daga maƙwabta da gaɓar Afirka, harkar ba ta yi armashi ba, aka koma furen turare na ilang-ilang da banila. Duk da haka Dzaoudzi ce ta zama hedikwatar mulkin tsibiran baki ɗaya.

A nan ne gizo ke saƙa. A 1958 majalisar yankin, wadda wakilan Ngazidja da Anjouan suka fi yawa a cikinta, ta yanke shawarar mayar da hedikwata Moroni, a tsibirin Ngazidja. Cikin shekarun 1960 ofisoshi suka tashi, ma'aikata suka bi, albashinsu ya bi su. Matan Mayotte, masu gidajen da aka bari ba miji ba kuɗin cefane, su suka fara tayar da ƙayar baya. Wata malamar makarantar allo mai suna Zéna M'Déré ta jagorance su. Dabararsu abin dariya ce a ji, amma ta yi aiki: in wani jami'in gwamnatin Moroni ya sauka a tsibirin, sai mata su yi masa rubdugu da cakulkuli har ya galabaita ya nemi hanyar komawa. Doka ta hana duka, amma babu inda ta ambaci cakulkuli. Ba kullum abin ke ƙarewa da raha ba. A watan Oktoban 1969 an kashe wata matashiya mai suna Zakia Madi a wata zanga-zanga a Mamoudzou. Taken gwagwarmayar, wanda 'yan siyasa irin su Younoussa Bamana da Marcel Henry suka ɗauka, shi ne suna son zama Faransawa don su kasance 'yantattu. Ga ɗan Nijar ko ɗan Gini wannan magana kamar an kifa ta ne. Ga mutumin Mayotte kuwa, wanda yake tsoron ya danne shi ba Bature ba ne da ke can nesa, manyan Anjouan da Ngazidja ne da suka fi shi yawa, suka fi shi boko, kuma ga su a bakin ƙofa.

Ranar 22 ga Disamban 1974 aka yi ƙuri'ar raba gardama a kan 'yancin kai. A tsibirai uku sama da kashi 99 cikin ɗari suka ce a ba su 'yanci. A Mayotte sama da kashi 63 suka ce a'a. In aka haɗa jimla, masu son 'yanci sun kusa kashi 95. To yaya za a ƙirga, a dunƙule ko tsibiri-tsibiri? Majalisar dokokin Faransa ta karkata ga na biyun. Ganin haka Ahmed Abdallah, shugaban gwamnatin tsibiran, ya yi gaban kansa ya ayyana 'yancin Komoros ranar 6 ga Yulin 1975. A watan Nuwamba Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓi Komoros a matsayin ƙasa mai tsibirai huɗu. A Fabrairun 1976 Faransa ta hau kujerar naƙi a Kwamitin Sulhu, sannan ta shirya wata ƙuri'ar a Mayotte kaɗai, inda kashi 99.4 suka zaɓi zama da ita. Babban zauren Majalisar ya yi tir da ƙuri'ar, ya kuma yi ta maimaita matsayinsa har tsakiyar shekarun 1990. Har gobe tutar Komoros taurari huɗu gare ta.

Ƙirga ƙuri'a yanki-yanki ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A Fabrairun 1961 haka aka yi wa Kamarun da ke hannun Ingila: kudu ta bi Kamarun Shugaba Ahidjo, arewa ta zaɓi Najeriya ta zama lardin Sardauna. Bambancin shi ne a can Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta tsara a ƙirga daban-daban. A Komoros kuwa mai mulkin mallakar ne ya zama alƙali a shari'ar da yake da rabo a ciki, kuma ya saɓa ƙa'idar da ƙasashen Afirka suka amince da ita a Alƙahira a 1964, cewa iyakar da aka gada ita ce iyaka. A ganina, ta fuskar doka Komoros ce ke da gaskiya. Amma gaskiyar doka ba ta share cewa an tambayi mutanen Mayotte sau da dama cikin shekara 35, kuma ba su taɓa sauya amsa ba. Abin da ya biyo bayan 'yanci a Moroni ma ya ƙara musu hujja: wata ɗaya bai cika ba aka hamɓarar da Abdallah, daga nan juyin mulki da yunƙurinsa suka haura 20, da yawa da hannun sojan hayar nan Bafaranshe Bob Denard. Wato Faransa na da kaso a rikicin da take nuna wa 'yan Mayotte da yatsa tana cewa ku dubi abin da kuka tsallake. A 1997 Anjouan da kanta ta ɓalle, mutane na ɗaga tutar Faransa suna roƙon a maido su. Paris ta ce ba ta so. A 2008, da dakarun Tarayyar Afirka suka fatattaki Kanar Mohamed Bacar, mai mulkin Anjouan, daga tsibirin, a kwale-kwale ya tsere, kuma Mayotte ya nufa.

Shekaru 35 Faransa ta yi tana jan ƙafa kafin ta ba Mayotte abin da take nema, wato cikakken matsayin gunduma kamar kowace gunduma a cikin Faransa. A Maris na 2009 kashi 95.2 suka amince, ranar 31 ga Maris 2011 ta zama gunduma ta 101, a 2014 kuma ta shiga sahun yankunan Tarayyar Turai na nesa. Yau kantoma ne da Paris ke naɗawa yake riƙe da tsaro da shige da fice, ga zaɓaɓɓiyar majalisar tsibirin, ga ƙananan hukumomi 17 da magadan garinsu. Suna tura 'yan majalisar dokoki biyu da sanatoci biyu Paris. Kuɗinsu Yuro.

Ba kyauta suka samu ba. Kafin wannan, Musulmin Mayotte na da dokarsu ta aure da saki da gado, kuma alƙalai ne ke yanke hukunci bisa fiƙihun Shafi'iyya, gwamnati na biyan su albashi. A hankali aka warware wannan. An hana sabon auren mace fiye da ɗaya a hukumance, an soke sakin baki, an daidaita rabon gado tsakanin mace da namiji, a 2010 kuma aka karɓe ikon shari'a daga hannun alƙalai, suka koma masu sulhu da ba da shawara a ƙarƙashin majalisar tsibirin. Mutanen da suka saba a kira su da sunansu da na mahaifinsu aka sa su zaɓi sunan dangi irin na Turawa don rajista. Aka shigo da harajin gida da na fili a 2014, a wurin da mutane da yawa suka gaji filayensu ba tare da takarda ba. A zahiri ba a daina ɗaura aure a gaban malam ba, har na biyu da na uku. Abin da ya sauya shi ne hukuma ba ta san da shi ba, kuma macen da ke ciki ba ta da inda za ta kai ƙara in an cuce ta. Wannan ɓangaren ba kasafai masu yabon sauyin ke ambatonsa ba.

Da sun ba da wannan duka sun karɓi cikakken haƙƙi, da da sauƙi. Amma wajibai ne suka riga isowa, haƙƙoƙi na tafe a baya da sanda. Kundin dokar ƙwadago na Faransa sai a 2018 ya fara aiki a can. Albashi mafi ƙaranci ya daɗe yana ƙasa da na sauran Faransa. Tallafin da ake ba marasa abin yi rabin na Paris ne. Tsarin da ke biya wa marasa takarda kuɗin magani a sauran Faransa babu shi a Mayotte. Alhali abinci ya fi na Faransa tsada da kusan kashi 30, don kusan komai a kwantena yake sauka a tashar Longoni. Watanni shida bayan zama gunduma, a ƙarshen 2011, aka yi fiye da wata guda ana yajin aiki da tarzoma a kan tsadar rayuwa, kuma abin da ya zama tambarin boren shi ne fukafukan kaji masu ƙanƙara da ake kira mabawa, naman da talaka ke iya saya da katan.

Tattalin arzikin kansa a taƙaice albashin gwamnati ne. Kusan rabin dukiyar da ake samarwa daga ayyukan hukuma take fitowa: malamai, ma'aikatan asibiti, 'yan sanda, ma'aikatan ƙananan hukumomi, waɗanda ake ƙara wa kashi 40 a kan albashi saboda tsadar wurin. Abin da tsibirin ke fitarwa waje bai taka kara ya karya ba in an kwatanta da abin da yake shigowa da shi. Ilang-ilang, wanda da ake yi wa Mayotte kirari da shi, ya durƙushe, domin manomin da zai biya lebura da Yuro ba zai iya gogayya da na Anjouan ko Madagaskar ba. Noman da ya rage na ci ne, ayaba da rogo. Yawon buɗe ido, duk da kyan tafkin, bai je ko'ina ba saboda tsadar tikiti da ƙarancin masauki da labarin rashin tsaro. Kusan mutum ɗaya cikin uku na masu son yin aiki ba shi da shi. Hukumar ƙididdiga ta Faransa ta ce a 2018 kashi 77 cikin ɗari na mazauna suna ƙasa da ma'aunin talauci na ƙasar. Gida huɗu cikin goma na kwano ne, irin wanda suke kira banga, uku cikin goma kuma ba famfo a ciki.

Ga shi kuma wannan talaucin, in aka auna shi da na tsallaken ruwa, arziki ne. Abin da ke faɗa wa kowane mutum a lissafin dukiyar Mayotte ya kai Yuro dubu goma a shekara. Na Komoros bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba. A Mayotte akwai asibitin da mace za ta haihu a hannun likita, akwai makarantar da doka ta ce dole a karɓi kowane yaro. Ruwa dai gangare yake bi. Har zuwa 1995 mutane na shiga da fita tsakanin tsibiran ba shamaki: a zo biki, a zo jinya, a zo ƙwadago, a koma. A Janairun wannan shekarar gwamnatin Édouard Balladur ta ƙaƙaba biza, kuma bizar da wuyar samu. Zirga-zirgar ba ta tsaya ba, sai dai ta koma dare, cikin ƙananan kwale-kwalen roba masu inji da ake kira kwassa-kwassa, waɗanda aka ƙera don masunta kaɗan amma ake danƙara musu mutum 30 ko fiye. Wani rahoton majalisar dattawan Faransa na 2012 ya ƙiyasta waɗanda suka halaka a wannan mashigi tun 1995 tsakanin 7,000 da 10,000. Bizar ta kuma haifar da abin da ba a yi tsammani ba: wanda da zai zo ya koma, yanzu in ya samu ya tsallako da rai ba zai sake gigin tafiya ba.

Alƙaluman jama'a sun nuna sakamakon. A 1958 mutum dubu 23 ne a tsibirin. A 1997 dubu 131. Ƙidayar 2017 ta ba da 256,500, ƙiyasin hukuma na 2024 kuma kimanin dubu 320, adadin da shugabannin tsibirin ke cewa ya yi kaɗan ƙwarai. A 2017 kashi 48 na mazauna ba 'yan ƙasar Faransa ba ne, kusan dukkansu 'yan Komoros, kuma kashi ɗaya cikin ukunsu a Mayotte aka haife su. Rabin jama'a ba su kai shekara 18 ba. Ana haihuwar jarirai wajen dubu goma a shekara, har asibitin Mamoudzou ya yi suna a matsayin ɗakin haihuwa mafi cunkoso a Faransa. Makarantun firamare da yawa karɓa-karɓa ake yi, wasu yara da safe, wasu da rana, a aji ɗaya.

Amsar Paris ta fi ƙarfi a wuri guda: kama da kora. A shekarun baya-bayan nan ana tasa ƙeyar mutum kimanin dubu 25 a shekara daga wannan ɗan tsibiri, adadin da ke gogayya da na duk sauran Faransa a haɗe. Sau da yawa a kama mutum yau, gobe yana cikin jirgin ruwa zuwa Anjouan, bayan mako biyu ya dawo a kwassa. Iyayen da aka kama kan ɓoye cewa suna da 'ya'ya, don yaran su zauna su ci gaba da karatu. Haka aka tara dubban yara ba uwa ba uba a unguwanni irin su Kawéni, wasunsu suka zama 'yan daba masu adduna da ke jifan motocin 'yan makaranta suna tare hanya da dare. A 2020 Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta samu Faransa da laifi a kan wasu yara biyu, masu shekara 3 da 5, da aka jingina wa wani baligin da ba danginsu ba a takarda don a samu damar korar su. Tsoron da 'yan Mayotte ke ciki na gaske ne, kada a raina shi. Amma yaran da suke tsoro yawancinsu a tsibirin aka haife su, kuma tsarin korar ne ya raine su.

A Afrilun 2023 ministan cikin gida Gérald Darmanin ya ƙaddamar da samamen Wuambushu da jami'ai wajen 1,800, don rushe unguwannin kwano da korar baƙin haure. Tun a makon farko kotu ta dakatar da rushe wata unguwa, Komoros kuma ta hana jirgin korarru tsayawa a tashar Mutsamudu ta Anjouan, tana cewa ba a korar mutum daga ƙasarsa. Bayan 'yan makonni aka sasanta aka ci gaba. Moroni ma dai ba tsarkakakkiya ba ce a nan: a 2019 ta sa hannu ta karɓi alƙawarin Yuro miliyan 150 daga Faransa bisa sharaɗin ta taimaka a tare kwale-kwalen. Ana da'awar tsibiri a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, ana karɓar kuɗin gadinsa a Paris. A 2023 ɗin ce kuma fari ya ƙafar da madatsun Combani da Dzoumogné, aka kai ana ba da ruwan famfo rana ɗaya cikin uku, gwamnati na rabon ruwan gora. Shekarar da ta biyo kwalara ta ɓulla.

Siyasar da wannan ya haifar ita ce ta fi ɗaure wa baƙo kai. A zagaye na biyu na zaɓen 2022 Marine Le Pen, wadda jam'iyyarta ta yi suna wajen tsangwamar baƙi da Musulmi, ta samu kashi 59 a Mayotte. A 2024 suka zaɓi Anchya Bamana, 'yar Younoussa Bamana, a ƙarƙashin tutar jam'iyyar. A farkon 2024 ɗin an shafe makonni hanyoyi a datse, wannan karon a kan 'yan gudun hijira daga Kwango da Ruwanda da Burundi da Somaliya da suka yada zango a filin wasa na Cavani. Mai jefa ƙuri'a a Mayotte ba ya jin maganar Le Pen a kansa take; yana jin ta a kan maƙwabcinsa, wanda wataƙila ɗan ƙanwar kakarsa ne, wanda kuma wataƙila shi ke yi masa gini ko noma a kan kuɗin da ɗan ƙasa ba zai karɓa ba. Wannan ma ɓangare ne na tattalin arzikin da ba a rubutawa: mai zanga-zanga da rana, mai ba da hayar fili ga baƙon haure da dare.

Ranar 14 ga Disamban 2024 mahaukaciyar guguwar Chido ta afka wa tsibirin da iska mai gudun fiye da kilomita 200 a sa'a, irin wadda ba a gani ba cikin shekara 90. Unguwannin kwano suka kwanta, tuddan da ke kore suka koma kamar an aske. Kantoman tsibirin da farko ya ce mamata za su kai ɗaruruwa, ƙila dubbai. Adadin hukuma ya tsaya a wajen 40. Tazarar da ke tsakani ita kanta bayani ce: Musulmi ba sa jinkirta jana'iza, marasa takarda da yawa sun ƙi zuwa mafaka don tsoron tarko ne, kuma hukumar da ba ta san adadin masu rai ba da wuya ta san na matattu. Da Shugaba Emmanuel Macron ya je jaje, jama'a suka yi masa ihu a kan ruwan sha, ya fusata ya ce musu da ba don nan Faransa ba ce da sun fi haka shiga uku sau dubu goma. Ta fuskar lissafi ƙila bai yi ƙarya ba. Amma ba zai faɗa wa mutanen Marseille haka ba, kuma kowa a wurin ya gane.

Me Faransa ke ci a Mayotte da ta riƙe ta? Akwai mazauni a mashigin Mozambik, hanyar jiragen ruwa mai muhimmanci kusa da iskar gas ta arewacin Mozambik, akwai dubban murabba'in kilomita na teku, akwai sansanin soja. Amma kuɗin da take kashewa ya fi abin da take samu a fili, kuma tarihi ya nuna 'yan Mayotte ne suka yi ta matsa lamba yayin da gwamnatocin Paris ke noƙewa. Matsalar ita ce ta karɓi tsibirin rabi da rabi. Bayan Chido, a 2025, majalisa ta yi doka mai alƙawarin kusan Yuro biliyan huɗu da daidaita tallafi da albashi da na sauran ƙasar zuwa 2031. A shekarar dai ta ƙara tsaurara hanyar zama ɗan ƙasa: tun 2018 yaron da aka haifa a Mayotte sai ɗaya daga cikin iyayensa ya yi wata uku da takardar zama kafin haihuwarsa, yanzu an mayar da shi iyaye biyu da shekara guda. A sauran Faransa babu wannan sharaɗi.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ba ta cika shiga labarai ba, wadda a wurina ta fi kowace tona asirin tsarin. Baƙon da ya samu takardar zama a Lyon yana iya komawa Paris ko Marseille yadda ya ga dama. Wanda ya samu a Mayotte, yawanci takardarsa a Mayotte kaɗai take aiki; in zai je wani sashe na Faransa sai ya nemi izini na musamman. Don haka mutane na shigowa ta ruwa, amma ko waɗanda suka halatta zamansu ba su da mafita ta sama, sai matasan tsibirin masu fasfo ne ke ficewa zuwa Réunion, wani tsibirin Faransa a tekun Indiya, da Faransa kanta neman karatu da aiki. 'Yan majalisar Mayotte, na kowace jam'iyya, sun daɗe suna neman a soke wannan ƙa'ida don a raba nauyin da sauran gundumomi ɗari. Paris ta daɗe tana ƙi, tana cewa hakan zai ƙara jawo kwale-kwale. A dokar 2025 ta amince za ta soke, amma ba kafin 2030 ba.